Waya Na Aljihun Manomi, To Me Ya Hana Shi Buɗe Manhajar Noma? (Rubutaccen shirin wannan mako)

  

Yau maganar manomi da waya za mu yi. Kuma tun daga farko bari in faɗa muku inda na tsaya. Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa a tarukan da ake yi a otel-otel na Abuja da Kano, wai matsalar ƙananan manomanmu na karkara ita ce ba su waye da fasahar zamani ba, an kawo musu manhaja har gida sun ƙi karɓa. Ni ban yarda da maganar nan ba, ko kaɗan. Matasanmu masu haɗa manhajoji, na san da yawanku kuna sauraren shirin nan, ku ba ni aron kunnuwanku, don kuɗinku da lokacinku ne za su tafi a banza in kuka ɗauki wannan magana kuka ɗora gini a kanta.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Ku tuna, a farkon nan layi kawai sai mai hali. Amma cikin 'yan shekaru sai ga ta a ƙauyen da ko lantarki babu. Wa ya kai ta? Ba wanda ya shirya wa manomi taron bita a kan yadda ake amsa kira. Ba a ba shi kuɗin zama ba, ba a raba masa hula da riga ba. Shi da kansa ya kama akuya ya kai kasuwa, ya sayo 'yar Nokia mai tocila, wadda samari ke wa laƙabi da rakani-kashi. Mutumin da ya yi haka ba za ka ce yana gudun sabon abu ba. Abin da ya gani yana da amfani ya saya da kuɗinsa.

Kuma ku duba abin da yake yi da ita. Kafin ya ɗora buhunan masararsa a mota, sai ya kira ɗan'uwansa a Dawanau ya ji yadda kasuwa ta kwana. Mai tumatir a Kura ko Kadawa yana kiran dillalinsa a Kwanar Gafan, wani har Mile 12 a Legas, ya ji motoci nawa suka shigo. Da ita yake neman mai tarakta, da mai injin casa, da 'yan ƙwadago ranar yankan shinkafa. Ita ce rediyonsa, ita ce fitilarsa in zai duba dabbobi da dare, a memorinta tafsiri yake da waƙoƙi. In ba kati, ya yi filashin, wancan ya gane ya kira. Ɗansa da ya tafi cirani Fatakwal ya turo kuɗin taki ta hannun mai POS. Ko a 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mun ga dattawan da ba su taɓa taka ƙofar banki ba sun koyi tambayar “alat ya shigo?” kafin su saki buhu. Dole ce ta sa, na yarda, amma dai sun koya cikin makonni.

Akwai bincike a kan wannan, kuma a maƙwabta aka yi shi. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bibiyi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar a shekarun da sabis ke shiga gari bayan gari, daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wato da can gero na iya yin arha a nan, ya yi tsada a can, ba wanda ya sani sai ya je. Da waya ta zo, 'yan kasuwa suka riƙa kira suna karkatar da kaya inda ake buƙata.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Daga baya ita da wani abokin aikinta, Marcel Fafchamps, suka duba kuɗin da shi manomin yake karɓa a hannunsa. Sai suka tarar farashin da manomi ke samu bai tashi ba don waya ta zo. Kun ji fa. Wannan ya kamata duk mai shirin haɗa manhajar “farashin kasuwa” ya zauna ya yi tunani a kai. Manomi ya san buhun wake ya fi tsada a Dawanau. Ba rashin sani ke damunsa ba. Buhu 3 gare shi, kuɗin mota zai cinye bambancin. Ko kuma tun da damina ya ci bashin wani ɗan kasuwa, an yi da shi in kaka ta yi shi zai sayar wa. Ko matarsa ce ba lafiya, yau yake son kuɗin, ba ranar kasuwa mai zuwa ba. Ka turo masa farashi a waya, ya gani, ya gyaɗa kai, ya sayar wa wanda ya saba sayar wa. Kai kuma ka koma ofis ka rubuta rahoto cewa manoma ba sa amfani da bayanai.

Yauwa, mu zo kan maganar yarda, don a ganina nan ne tushen abin.

Manomi ya taɓa ba waya amana a harkar noma, kuma da yawa cikin masu saurare za su tuna. A 2012, zamanin shugaba Goodluck Jonathan, lokacin Akinwumi Adesina na ministan gona, aka kawo shirin GES. Za a yi maka rajista, saƙo ya shigo wayarka, ka je cibiya ka biya rabin kuɗi ka ɗauki taki buhu 2, da iri. Niyyar ita ce a cire 'yan tsakiya da ke karkatar da takin gwamnati. Gaskiya mutane da dama sun samu, har da waɗanda ba su taɓa ganin takin tallafi da idonsu ba. Amma an sha wahala. Wani an yi masa rajista ba shi da waya, lambar maƙwabci ya bayar. Wani saƙon bai shigo ba. Wani ya je cibiyar, ba sabis ɗin da za a tantance shi, ya wuni ya dawo hannu rabbana. Har sai da aka gwada wani kati da ake taɓawa a jikin na'ura, wanda ba ya buƙatar sabis, a Sakkwato da Abuja. Sannan daga 2015 shirin ya fara tangal-tangal, dillalan taki suna bin gwamnati bashi, daga ƙarshe ya shuɗe.

Me manomi ya koya daga nan? Abu biyu. Ya koyi cewa saƙon waya mai daraja shi ne wanda akwai buhu a bayansa. Ya kuma koyi cewa abin masu rajista yakan zo ya wuce. Tun daga lokacin sau nawa aka zo aka rubuta sunansa, aka ɗauki hotonsa, aka karɓi lambarsa? Wannan ƙungiya ta zo, waccan ta zo. Shi ya sa in ka shiga ƙauye da kwamfutar hannu, tambayar farko da za a yi maka ita ce, “Malam, me za a ba mu?” Wasu sai su ji haushi, su ce manoma sun cika kwaɗayi. A'a. Mutum ne yake tambayar ladan lokacin da za ka cinye masa, kuma waɗanda suka riga ka zuwa ne suka koya masa tambayar.

Ga kuma 'yan damfara, Allah Ya shirye su. Su ma da sunan tallafin noma suke zuwa. “An zaɓe ka cikin waɗanda za a ba rance, turo BVN ɗinka, karanto mana lambar da ta shigo wayarka yanzu.” Kusan kowane gari akwai wanda aka yashe wa asusu ta haka, kuma kowa ya san labarin. Sai dattawa suka yanke wa kansu doka mai sauƙi: duk lambar da ta shigo waya, ba a faɗa wa kowa. Doka ce mai kyau, wallahi, ni ma ita nake koya wa mutane. To sai ga manhajarka, matakin farko da ta fara da shi: saka lambar wayarka, za mu turo maka wasu lambobi, ka shigar da su. Ka ga ka shigo da irin shigar ɓarawo, ko da kai mutumin kirki ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sannan tambayoyin da ake yi. Gonarka eka nawa ce? Buhu nawa ka samu bara? Shanu nawa gare ka? Ka kunna taswira mu zagaya iyakar gonar. Kai a wurinka cike gurbi ne kawai. Shi kuwa akwai tarihi a kansa. Zamanin Turawa a ƙasar Kano akwai malaman da ake turowa su auna gona da taku, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon faɗinta. Haraji da jangali sai a 1979 gwamnatocin PRP, na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su. Waɗanda suka biya da hannunsu suna nan da rai. Baƙo ya zo yana ƙidaya maka dukiya, ba a saba ganin alheri ya biyo baya ba. Balle a yau, a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari, inda 'yan bindiga ke ɗora wa manoma kuɗi kafin su shiga gona ko su kwashe amfani, inda kowa ke tsoron infoma. A irin wannan wuri, a san ka samu buhu 80 magana ce ta rai da mutuwa. Kai kana so ya rubuta a waya, ya tura wa mutanen da bai san fuskarsu ba? In ya ce maka buhu 15, kada ka ce ya yi ƙarya, kansa yake karewa. Duk tambayar da ba dole sai da ita shawararka za ta yi aiki ba, ka cire ta. Wadda ta zama dole kuma, ka faɗa masa dalili da baki, ka faɗa masa wa zai gani.

Ita kanta wayar fa? Mai haɗa manhaja yana zaune a Kano ko Kaduna da babbar waya, ga caji ga data, a kanta yake gwaji. Manomin da ake magana a kai galibi ƙaramar waya ce mai madannai a aljihunsa. In akwai babbar waya a gidan, ta ɗansa ce, Itel ko Tecno ta hannu, gilashi a fashe, memori cike da fina-finan da aka turo a shagon masu dawunlodin. Ranar da waya ta ce wuri ya cika, me kuke tsammani za a fara gogewa? Caji sai an kai shago an biya. Data ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Layi kuma ba ya daɗewa a hannun mutum ɗaya: ya faɗi a gona, ko an rufe shi lokacin haɗa layi da NIN, an sayi wani. Manhajar da ta ɗaure mutum da lamba ɗaya, ranar da layin ya tafi, shi ke nan ta manta da shi. Kada kuma mu manta a watan Satumban 2021 an kashe sabis ɗungurungum a Zamfara, aka biyo da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, ana dab da kaka. Abin da ba ya motsi sai da intanet, a can ya zama hoto.

To mu ɗauka duk an tsallake wannan, an buɗe manhajar. Nan ne ni abin ke ba ni dariya, wani lokaci kuma takaici.

Shafin farko: zaɓi amfanin da ka shuka. Gero, ko dawa, ko wake, ɗaya tak za ka danna. Jama'a, gonar wa? Gonar ƙaramin manomi a ƙasar Hausa gero ne da dawa a haɗe, a bi da wake a tsakani, ga gyaɗa, ga yakuwa ko kuɓewa a gefe. Ba rashin tsari ba ne. Tun a ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 wani masani, David Norman, da ke aiki a cibiyar binciken noma ta Samaru, ya zauna ya yi lissafi a ƙauyukan Zariya, ya nuna cewa haɗa shukar nan dabara ce, tana rage asara in shekara ta ƙi, kuma tana biyan wahalar da aka sha. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yau ana haɗa manhaja kamar gonar Amurka ake wa.

Shafi na biyu: hekta nawa? Shi gonarsa da kwanon iri yake auna ta, ko da yawan damin da take bayarwa, ko ya ce wunin garmar shanu kaza ce. Sai shawarar ta fito. Shawarar da aka saba ba mai masara a yankinmu, a hekta 1, takan kai buhu 8 na kamfa 15-15-15, da kusan buhu 3 na yuriya. A ilmance daidai ne. Amma mutumin nan buhu 2 ya iya saya, shi ma sai da ya sayar da tunkiya. Tambayarsa ita ce: buhu 2 nan, a ina zan zuba, yaushe, kuma in raba su a gonar duka ne ko in tattara a rabi? Ga mangalar takin gida 20 da na kai tun da rani, ina lissafinsu? In ba ka da amsar wannan, to ba da shi kake magana ba, da wani attajirin manomi kake da ke cikin kanka.

Kuma ba wai ba a san yadda ake yi ba. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun daɗe da fito da dabarar sa taki ɗan kaɗan a gindin shuka, kimanin giram 6 a kowane rami. Da suka zo gaya wa manomi ba su tsaya a giram ba, suka ce cikin marfin kwalbar lemo. Magana ta ƙare, kowa ya gane, kowa na da marfi. Haka maganin feshi. A jikin kwalba an rubuta lita kaza a hekta, shi kuma abin da ke bayansa injin goyo ne mai lita 16 ko 20, abin awonsa gwangwanin madara ko na tumatir. Ka faɗa masa nawa zai zuba a goyo ɗaya. In ka bar shi da lissafin hekta, zai koma wurin mai shagon magani, shi kuma mai shago so yake kwalba ta ƙare a dawo a sayi wata. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don guba ce ake wasa da ita. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Wanda Turai ta ƙi, mu muke cin irinsa da 'ya'yanmu.

Harshe kuma, hmm. Wasu sun ce ai mun fassara zuwa Hausa. Na taɓa buɗe wata manhaja, ba zan kama suna ba, maɓallin da za ka danna ka aika bayani an rubuta masa “miƙa wuya”. Manomi ya miƙa wuya ga wa? Na'ura aka ba ta fassara, ba wanda ya karanta. Ko an fassara da kyau ma, wace Hausar? In Bakano ya ce hatsi, yana nufin gero da dawa da sauransu. A Maraɗi in an ce hatsi, gero ake nufi. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, Basakkwace da mutumin Nijar gujiya suke cewa, alhali a Kano gurjiya wata aba ce daban. Ciyawar nan mai jan fure da ke kashe dawa, wani ya ce ƙuduji, wani ya ce wuta-wuta. Tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a 2016, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, masana na ce mata Tuta absoluta, manoman Kano kuwa Sharon suka sa mata. In manomi ya nemi Sharon a manhajarka bai samu ba, ya gama da kai. Haka awo: nan kwano, can mudu, can tiya, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Wani abin da ke min ciwo shi ne yadda ake rubuta “marasa ilimi” a rahotanni. Dattijon nan ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashin da yake bi da ajami a bayan littafi, yana riƙe lissafin buhu 200 a ka. Boko ne bai yi ba. Mu ne muka zaɓi rubutun da bai iya ba muka aika masa. Shi ya sa murya ta fi komai. Ku duba yadda saƙon murya na WhatsApp ya karɓu, har tsofaffi ka ji suna cewa “yi min boyis”. Ba wanda ya koya musu. Magana ce, abin da aka saba. Bidiyon yadda ake ɗaure buhun PICS, mai leda 2 a ciki da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, in aka yi shi da Hausa, minti 2, ya shiga hannun masu tura fina-finai, zai kai inda manhaja ba za ta taɓa kaiwa ba, daga waya zuwa waya, ba ko sisin data.

Hasashen yanayi ma haka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma in waya ta ce wa manomi “yiwuwar ruwa kashi 60”, me zai yi da shi? Tambayarsa ita ce in shuka ko in dakata. Iri ɗaya gare shi, in ya zuba ruwa ya ɗauke kwana 15, ya ƙone, sai ya nemo wani da bashi. Wasu ma binne suke yi tun kafin ruwa ya sauka, sun san cacar da suke bugawa. Kuma yana da nasa ma'aunin: iskar bazara, tohon itatuwa, da lissafin taurarin damina da malamai ke riƙe da shi, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, kusan kowanne kwana 13. In ka zo da naka, ka zo da shi a matsayin ƙari a kan nasa. Yadda ka furta ma yana da tasiri. “Gobe za a yi ruwa” a kunnen dattijo kamar shiga hurumin Ubangiji ne. “Alamu sun nuna, in Allah Ya yarda, ana sa ran ruwa gobe da yamma”, wannan zai saurara. Kuma ita ce ma ta fi kusa da gaskiyar abin da masana yanayin ke nufi.

Akwai tambayar da wani dattijo ya taɓa yi wa wasu samari a gabana, suna nuna masa manhajar da ke gane cutar shuka da hoto. Ya saurara har suka gama, ya yaba, sannan ya ce, “To 'ya'yana, in na bi maganarta gonar ta ƙone, wa zan kama?” Aka yi shiru. Mai shagon magani ko ya cuce shi, ya san shagonsa, ya san ubansa, zai iya kai ƙara wurin mai gari. Malamin gona in ya ba da shawarar banza, kunyar sake shigowa garin zai ji. Maƙwabci in ya ce iri kaza ya yi masa kyau, ga gonar nan a je a gani. Ita waya fa? Ba ta da fuska, ba ta jin kunya, kuma ba ta da abin da za ta yi asara. Shi kuwa shuka sau ɗaya ake yi a shekara, in ta ɓaci, abincin gidan ne na wata 12. Yanzu da ake yayin manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya da Hausa, tambayar dattijon nan ta ƙara nauyi, don su ko ba su sani ba, da ƙarfin gwiwa suke ba da amsa.

Shi ya sa in kuka duba waɗanda suka ɗan yi nasara, za ku ga akwai mutum a tsakiya. Manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, da aka gwada ta a kan manoman shinkafa a jihar Kano, an samu ƙarin amfani kimanin kashi 7 cikin 100, riba kuma kimanin kashi 10. Amma ba a ce kowane manomi ya sauke ta a wayarsa ba. Malamin gona ne ke riƙe da na'urar, ya zauna da manomi ya yi masa tambayoyi kan gonarsa, sannan ya ba shi shawarar da ta dace da ita. Kamfanin Hello Tractor, da ya fara a Najeriya a 2014, shi ma da wakilai yake aiki: saurayi ɗan gari ya tattara manoman da ke son huɗa, in sun kai yawan da zai biya zuwan tarakta, shi ya danna. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma layin kira ta buɗe, ka kira mutum ya ɗauka ku yi Hausa. Malaman gona sun yi ƙaranci, kowa ya sani, waɗanda aka ɗauka zamanin su KNARDA na ganiyarsu da yawa sun yi ritaya. To maimakon a ce waya ta maye gurbinsu, a ba ɗan garin da aka yarda da shi kayan aiki, kuma a samo yadda zai ci abinci da aikin. In ba haka ba, ranar da kuɗin masu tallafi ya ƙare, shi ma ya kama acaɓa.

Ban taɓo mata ba, kuma su aka fi mantawa. In aka ce manomi, namiji da fartanya ake hangowa. Amma wa ke turara shinkafa? Wa ke matse man gyaɗa ya yi ƙuli-ƙuli? Awaki da kajin gida na wa ne? A gidaje da yawa matar ba ta da wayar kanta, ta maigida ce ko ta ɗanta, sai dare take zuwa hannunta, in ta zo. Saƙon rigakafin kaji da ka tura da hantsi, maigida ya gani a kasuwa, bai shafe shi ba, ya goge. In ka sa baƙon namiji ya riƙa kira yana neman matar gida, ka haɗa faɗa. In kuɗin cinikinta ta wayarsa za su shigo, to asirin jarinta ya tonu, kuma mata da yawa sun gwammace su ci gaba da ƙulle kuɗinsu a bakin zane da a yi haka. Wanda ke son kaiwa gare su sai ya bi ta inda suke haɗuwa, wurin adashi da makarantar Islamiyya da gidan suna, da muryar mace, ta hannun macen da suka sani.

Lokaci ya ja. Manoman da ke saurare, ko 'ya'yansu da ke riƙe musu waya, ina so ku turo mana boyis ku gaya mana saƙon noma na ƙarshe da ya shigo wayarku, daga ina ya zo, kuma me kuka yi da shi. Kada kowa ya faɗi yawan buhunansa. Za mu saka wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.